KARE A ƘOFA, KYANWA A ƊAKI, KAZA A TSAKAR GIDA

Mai karatu, idan kai ma'abocin kallon finafinan mu na Hausa ne, na tabbata ka lura da wata dabara da masu haɗa sauti su ka daɗe su na yi mana. In ana son a nuna maka gari ya waye a ƙauye, sai a saki carar zakara. In ana son ka san an iso gidan wani hamshaƙin Alhaji, sai ka ji haushin ƙaton kare a bayan get, maigadi ya taso a guje. Ita kuwa kyanwa ba a cika tunawa da ita ba sai an je wurin boka, ko ana son a tsorata mu da mayya. Wato dai a idon kyamara zakara na talaka ne, kare na mai kuɗi, kyanwa ta aljannu.

To amma leƙa sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ko Zariya ko Maraɗi ka sha kallo. A gida ɗaya, wanda duk filin sa bai wuce a juya mota ba, za ka tarar da kejin kaji hamsin a bayan ɗaki, kare ɗaure a gindin tankin ruwa, kyanwa ta miƙe a kan kujerar falo, ga kuma kanari a rataye ya na ta rera kukan sa. Yaya aka yi mu ka zo nan? Amsar ta na cikin tarihi. Kakannin mu sun yanka wa kowace dabba mazaunin ta da iyakar ta, kuma su na da dalili. A cikin shekara hamsin ɗin nan ne iyakokin su ka rushe, waɗanda su ka fi ɗanɗana kuɗar rushewar kuwa su ne mace mai kiwo da ƙaramin yaro.

WA YA RIGA WANI ZUWA?

Ka na iya mamaki idan aka ce maka kaza baƙuwa ce a ƙasar nan. Asalin ta wata tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, wajajen Tailan da maƙwabtan ta, kuma sannu a hankali ta biyo fatake har ta iso Afrika. Masu tonon kayan tarihi sun samu ƙasusuwan kaji a kufan tsohon garin Jenne na ƙasar Mali waɗanda su ka haura shekara 1,000. 'Yar gida ta asali ita ce zabuwa, domin a dazukan mu na Afrika ta Yamma aka same ta, shi ya sa ma Turawan Ingila su ke kiran ta kazar Gini. Har yau a ƙauye za ka ga an zuba wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe, saboda zabuwa ba ta da haƙurin reno. Ka ga baƙuwa ta zama uwar riƙon 'ya'yan 'yar gida.

Kare ya riga su duka zama da ɗan Adam, don masana sun ce abotar ta kai aƙalla shekara 15,000. A duwatsun Tassili da ke Saharar Aljeriya akwai zane-zanen mutanen da can da ke nuna maharba tare da karnukan su. Kyanwa kuwa, ko mage, ko mussa in ji Basakkwace, jikar kyanwar daji ce ta arewacin Afrika da Gabas ta Tsakiya. Hatsi ne ya jawo ta. Inda aka tara tsaba ɓera zai zo, inda ɓera ya zo kyanwa za ta biyo. Babu wanda ya gayyace ta. Aiki ta gani ta zauna.

DAGA GINDIN DALA ZUWA RISALA

Tsohon littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ba da labarin zamanin Barbushe, lokacin da mutane kan taru a gindin dutsen Dala don bautar Tsumburbura. Abin da su ke kawowa na yanka shi ne baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru. Ka ji inda kare da kaza su ka fara haɗuwa a rubutaccen tarihin mu. Ɓurɓushin wannan zamani bai gama gushewa ba, shi ya sa har gobe in aka ga mutum ya na cigiyar baƙar kaza a kasuwa sai a bi shi da kallo.

Da Wangarawa su ka zo da Musulunci daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), sai aka samu sabon ma'auni. Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya, zai iso Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, malamin Tunisiya da ya rasu a 996. A ƙarshe-ƙarshen littafin an yi bayani cewa ba a ajiye kare a cikin gidaje, sai dai na gadin shuka, ko na bin dabbobi kiwo, ko na farautar neman abinci. Hadisai ne tushen hukuncin: wanda ya ajiye kare ba da irin waɗannan dalilai ba ladan sa na raguwa kullum, mala'ikun rahama ba su shiga ɗakin da ke da kare, kuma in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai.

Sai dai fa kada ka ɗauka an ce a tsane shi. A mazhabar Malikiyya da mu ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne. Alƙur'ani ya halatta abin da horarren kare ya kamo, ya kuma ambaci karen Ashabul Kahfi kwance a bakin kogo. An ruwaito labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi, da na matar da ta shiga wuta don ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa. Game da kyanwa kuwa Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa ba najasa ba ce, ta na cikin masu kai-komo a tsakanin mutanen gida. Akwai ma wani labari mai daɗi da masu sharhin Risala su ka kawo: katangar gidan shi Ibn Abi Zaid ɗin ta faɗi a wani lokaci na tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamanin su, da zaki ma zai ajiye. Riƙe wannan labari, za mu buƙace shi a gaba.

KOWA DA MAZAUNIN SA

Daga wannan koyarwa da kuma buƙatar rayuwa aka gina tsarin gidan Bahaushe. Kare na waje ne. Wurin sa ƙofar gida, ko bayan danga, ko gona, ko garke. Na namiji ne: manomi, makiyayi, ɗan farauta. Abincin sa ƙanzo da sauran tuwo da ƙashi, a kaskon sa na daban wanda ba ya haɗuwa da kwanukan gida. Da rani in an yi gangar farauta ya bi ubangidan sa daji, da damina ya kori biri daga gona, da dare ya yi haushi in ya ji motsin kura ko ɓarawo.

Kyanwa ita aka yarje wa shiga ko'ina, daga ɗakin tsohuwa har gindin rumbu, domin ita ce maganin ɓera da gafiya. Ba a saya, ba a sayarwa; in ta haihu sai a raba wa maƙwabta.

Kaza kuma ta tsakar gida ce, kuma dukiyar mace ce. Matar da ke cikin kulle ba ta zuwa gona ba ta zuwa kasuwa, amma ta na da akurki. Da safe a buɗe, a watsa tsaba ko dusa, a samo wa 'yan tsaki gara, sauran abincin kuma su nema da ƙafar su. Da magariba kowace ta san hanyar makwancin ta. Kaza ce asusun mace: in yaro ya kwanta ciwo a kama ɗaya a kai kasuwa, in baƙo ya sauka a yanka, haka ranar cika-ciki da Sallah. Yarinya kan fara da kaza guda da kakar ta ta ba ta, kaji su zama akuya, akuya ta zama kayan ɗaki.

Maƙiyan kaza a wancan zamani sanannu ne: shaho da shirwa daga sama, muzuru da tunku da maciji daga ƙasa. Dubi karin maganar mu ka gani. Cewa aka yi zakaran da Allah ya nufa da cara, ana muzuru ana shaho sai ya yi. Ba a sa kare a lissafin ba. Dalili kuwa shi ne karen ƙauye tun ya na ɗan kwikwiyo ya ke buɗe ido ya ga kaji, in ya kai wa ɗan tsako wawura uwar ta tsattsage shi, yaran gida su ƙara masa da tsawa. Icce tun ya na ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ya girma ya san kaza ba zomo ba ce, warin sa da haushin sa ma su ke korar muzuru.

Dabbar sha'awa zalla, wadda ba ta gadi ba ta kama ɓera, tsuntsu ce. Samari na da tantabaru, masu hali na da kanari da aku. Shi aku daga kurmin kudu fatake ke kawo shi, kuma darajar sa ta kai har Abubakar Imam ya ɗora littafin Magana Jari Ce na 1937 a kan wani aku da ya kai ga sarautar waziri. Yau kam kamun da aka yi wa irin wannan aku mai jar wutsiya ya yi yawa, har a 2016 ƙasashen duniya su ka amince a hana cinikin wanda aka kamo daga daji a tsakanin ƙasa da ƙasa.

KAZAR TURAWA TA SHIGO ƊAKI

Turawan mulkin mallaka shanu ne su ka fi damun su, saboda jangali da fatu. Annobar shanu ce ta sa su ka kafa sashen kula da lafiyar dabbobi a Zariya, daga baya aka mayar da ɗakin binciken zuwa Vom ta ƙasar Filato a 1924. Nan ne har yau ake haɗa alluran rigakafin dabbobi, ciki har da na kaji da na haukan kare. A Shika kuma, kusa da Zariya, an buɗe gonar gwajin kiwo a 1928, wadda ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, kuma ita ta fito da kazar ƙwai da ake kira Shika Brown.

Shekarar 1976 ɗin nan ita ce mararraba. A cikin ta gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka yi ta kira a rediyo cewa kowa ya yi lambu ko kiwo a bayan gidan sa. Shagari ya biyo da nasa shirin noman a 1980. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya kassara albashi, sai malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti su ka koma wa kaji don cike gurbi. Hana shigo da daskararrun kaji daga waje a farkon shekarun 2000 ya ƙara wa sana'ar kasuwa. Yau ga buroila, ga masu ƙwai, ga maja, ga noila.

To ita kazar gidan gona ba irin ta kakar ka ba ce. A kwali ake kawo ta ta na 'yar kwana ɗaya, ba uwa. Dole a yi mata ɗumi da fitila ko gawayi, dole a tsare ta daga iska. Ina ne ya fi ɗumi da tsaro a gidan haya? Ɗaki, ko kicin, ko lungun baranda. Ka ga kaza ta tsallake iyakar ta ta shigo inda kyanwa ke kwana. Buhun abincin ta kuma ya tara ɓeraye, ɓeraye su ka sa aka ƙara neman kyanwa, ita kuwa kyanwa ba ta bambance ɓera da ɗan tsako. Ai ba a ba kura ajiyar nama. Sannan buroila ba ta tashi, ba ta gudu, ba ta san shaho ba balle kare. A mako shida ta yi nauyin da ƙafar ta ke ɗauka da ƙyar.

KAREN TURAWA YA SHIGO GIDA

A daidai wannan lokaci shi ma kare ya na tsallake tasa iyakar. A zamanin Turawa, a unguwannin su na Nasarawa da makamantan su ake ganin kare a cikin falo, har da kukun da ke dafa masa abinci, mutanen gari na jinjina abin a matsayin wani abin al'ajabi. Bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 fashi da makami ya yawaita, katangu su ka yi tsawo, aka ɗora masu kwalabe da waya. Zaure ya ɓace, get ya maye gurbin sa. Mai gida ya kawo hujja irin ta Ibn Abi Zaid, ya nemo kare. Amma tunda babu ƙofar gida irin ta da, babu danga babu gona, sai karen ya koma cikin katanga tare da iyali da kaji.

Kuma ba ɗan siririn karen gida aka nemo ba. Alsatian aka sayo, daga baya Rottweiler da Boerboel, karnukan da cin su ya fi na mutum biyu. Yawanci a kan sarƙa su ke wuni, ko cikin keji, sai dare a sake su. Karen da bai taɓa ganin kaza ya na ƙarami ba, ga ƙunci ga zafin rana, ran da ya samu ƙofar keji a buɗe ba ɗaya zai kashe ya ci ba, sai ya bi su duka. Jarin wata uku na matar gida, wanda wataƙila da kuɗin adashi ta haɗa shi, sai ya tafi kafin a idar da sallar Asuba.

Ga kuma sabon yayi na sha'awa. Masu kallon finafinan Indiya za su tuna Moti, karen da ya ɗaukar wa ubangidan sa fansa a fim ɗin Teri Meherbaniyan na 1985, da ɗan farin karen nan Tuffy na Hum Aapke Hain Koun na 1994. Abin da a da sai a majigi, yau ga shi a gidajen mu: 'yan mata na sayen kyanwa mai dogon gashi da kuɗin da zai sayi tunkiya, samari na ɗaukar hoto da kwikwiyo a kafaɗa.

DARASIN 2006

Ranar 8 ga Fabrairu, 2006, aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata babbar gona da ke Jaji a Jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afrika. Kafin watan ya ƙare ta bayyana a Kano da Filato, ta kuma tsallaka Magarya a Jamhuriyar Nijar. Aka shiga kashe kaji ana binnewa, gwamnati ta sa diyyar N250 a kan kowace kaza. Mutane su ka ƙaurace wa nama da ƙwai, farashi ya faɗi warwas. Mai babbar gona ya na da takardu da hanyar bin haƙƙin sa. Mai kaji ashirin a bayan ɗaki fa? Da yawa sun yanka sun ci, ko sun karyar a kasuwa, ko sun jefar da mushen a bola inda karnuka da kyanwoyi ke kiwo. A Janairun 2007 cutar ta kashe wata budurwa a Legas, sannan ta sake dawowa Kano da Legas a 2015.

Jefar da mushen nan shi ne babban ganganci. Tun a 2004 aka gani a Tailan cewa cutar na kama damisoshin gidan zu da aka ciyar da ɗanyen naman kaji, ta kuma kashe wani kare da ya ci mushen agwagwa. A Fabrairun 2006 an tsinci gawar kyanwa mai ɗauke da ita a Jamus. A 2023 ta kashe kyanwoyi da dama a Folan, a 2024 kuma ta kashe na gonakin shanu a Amurka bayan sun sha ɗanyar madara. Kyanwar da ta ci matacciyar kaza da rana, ita ce za ta kwana a gefen katifar yaro da dare.

Tsohon abokin gaba kuma, haukan kare, ya na nan. An fara rubuta shi a jikin mutum a Nijeriya a 1912. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ya na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibi a Afrika da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun sa su ka bayyana babu magani. Alhali tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya samo rigakafin sa.

A MAIDO DA IYAKA

Mai karatu, babu mai cewa a rushe get a koma zaure, kuma ba za a hana mace neman na kan ta ba. Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne gidan da ya haɗa dabbobi uku ya na buƙatar iyaka uku, ko da filin sa tafin hannu ne. Kaji su samu keji mai ƙofa da sakata da waya mai ƙananan ƙofofi, nesa da inda ake kwana da inda ake girki. Kazar da ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefa wa kare, kada a wurga a kwata. Kare a yi masa allura duk shekara a asibitin dabbobi, a ajiye katin, a ciyar da shi ya ƙoshi, a kuma saba masa da kaji tun ya na ƙarami. Wanda kare ya ciza ko kyanwa ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Game da maƙwabtaka ma malaman mu ba su bar mu a duhu ba. A fiƙihun Malikiyya, mai kare mai cizo da aka yi wa gargaɗi ya ƙi ji, shi zai ɗauki nauyin ɓarnar da karen ya yi. A ɗaya ɓangaren kuma, Risala ta ce wanda ya kashe karen da aka halatta ajiyewa sai ya biya ƙimar sa. Saboda haka wanda karen sa ya shiga kejin maƙwabciya, ya biya ta kajin ta ba tare da an kai ga mai unguwa ba. Wadda aka yi wa ɓarna ita ma kada ta sa a zuba guba a tuwo a jefa ta katanga, domin ba ta san wa zai riga karen ɗauka ba: kyanwar ta, ko kajin ta, ko yaron da ke rarrafe.